Hoton Ƙarshe a Bayan Motar Albasa

Yayana mai fentin manyan motoci ne a tashar Ƙaura, ni kuma malamin makaranta. Aji biyu ya yi a firamare, ya fito ya ce ya gane inda labarin ya dosa. Ni na zauna har ƙarshe, aka ba ni takarda mai hatimi, kuma har yau ban gane ba.

A shekarun da nake magana muna cikin jihar Sakkwato, jirgin ƙasa yana zuwa Ƙaura ya tsaya cik, domin daga nan dogo ba shi da gaba. Duk abin da duniya ta gaji da riƙewa a wurinmu yake sauka. Cikin abin da ya sauka har da waɗansu 'yan littattafan hotuna na Turawa, waɗanda akawunan reluwe kan saya wa 'ya'yansu, in sun tsufa su ƙare a teburin mai tsire. A takardar tsire Yaya ya fara ganin ƙaton nan mai tashi sama da mayafi ɗaure a wuya. Ya kawo mini shafin, da maiƙo da yaji a jikinsa, ya ce in fassara masa maganar da aka kewaye da zare a saman kan mutumin. Na fassara. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce:

"To, ƙarhi dai akwai shi. Amma wanga da ɗan kamfai bisa wando, ba shi da iyaye na?"

A makon nan ya ƙirƙiro nasa. Lebura ne na tashar jirgi, da gajeren wando da singileti, ya ɗaura buhun gyaɗa a wuya yana kaɗawa a bayansa idan ya tashi sama. Bai raɗa masa suna ba. Mutane suka riƙa ce masa Ɗan Dako, hakan kuma ya zauna.

Motocin lokacin bodin katako ne, marfin bayansu ya kai allon aji faɗi. Direbobi kan sa a zana musu zaki, ko mikiya, ko wani yana kokawa da kada. Yaya ya lallashi direba ɗaya ya bar shi ya zana Ɗan Dako ɗauke da taragon jirgi a kafaɗa. Motar ta je Shinkafi ranar Alhamis ta dawo, kafin wata ya ƙare direbobi suna layi. Sai ya mai da abin labari: kowace mota shafi ɗaya, da lamba a kusurwa. Ni ke zuwa ran Asabar in rubuta maganar da ke fitowa daga bakin jarumin, saboda Yaya ya ce baƙaƙensa kamar kaji sun bi ta kan ɗanyen siminti suke.

Ɗan Dako ya tare ambaliyar kogin Gagare da ƙirjinsa. Ya ciro motar da ta kafe a laka kusa da Badarawa da yatsa biyu. Ya tattara tsuntsayen jan-baki da suka sauka a gonakin gero, ya ƙulle su a buhunsa ya zubar bayan gajimare. Matsala ɗaya ce, motoci ba sa tafiya bisa lamba. Mutanen Zurmi sun ga an yi sunan ɗansa wata biyu kafin su ga ranar da ya fara haɗuwa da uwar ɗan, kuma wani dattijo ya aiko da saƙo cewa wannan ba tarbiyya ba ce. Akwai masu zama a tasha da ƙaramin littafi suna jera lambobin. Na koyar da karatu shekara da shekaru da bulala a hannu, ban taɓa ganin ana kokawar karanta rubutuna kamar a bayan motocin nan ba.

Sai idon Yaya ya fara yin rawaya. Aka ce shawara ce, aka jiƙa abin da ake jiƙawa. Jikinsa ya riƙa zubewa, cikinsa yana tasowa. Bayan an gama da sassaƙe da rubutu da allurar kemis, na ɗauke shi a jirgi muka tafi babban asibiti. Suka yi kwanaki suna aune-aune. A ƙarshe likita ya kira mu, ya dubi rigata mai aljihu da biro, ya yi mini magana da Turanci ta saman kan mai ciwon. Ya ce abu ne a hanta, ya riga ya yi nisa, babu aikin da za a yi. Ya ce in mai da shi gida, in ba shi duk abin da ransa yake so.

Yaya ya ce, "Ticha, mi yac ce?"

Na ce, "Ya ce a ci gaba da shan magani. Da sauƙi."

Ni ne mutumin da ke zabga wa ɗalibi jan biro idan ya kauce wa kalma ɗaya a fassara.

A jirgi, muna dawowa, ya ciro fensir ya yi ta zane a bayan katin asibiti. Wajen Gusau ya miƙo mini. Likitan ne sak, da tabarau, idonsa a ƙasa.

"Shekara ashirin ina zanen huskoki," in ji shi. "Mutum ba shi kallon takalminai in zai ba ka labari mai daɗi."

Na ce gajiya ce, likitoci suna aiki da yawa. Ya karɓe katinsa ya sa a aljihu.

A ƙasarmu marar lafiya amsa ɗaya gare shi. Ko numfashi yake ja da ƙyar, in an ce ya jiki, sai ya ce da sauƙi. Masu dubiya kuma aikinsu su ce yau kam fuska ta washe. Ban raina wannan ɗabi'a ba. Akwai tawakkali a cikinta, akwai tausayi, kuma babu wanda ya san ranar wani. Amma na ga abin da ta yi wa yayana. Abu ɗaya yake so, ya nemi gafarar mutane da bakinsa tun yana iya magana, su ma su faɗa masa abin da ke ransu. Mutum ne mai baki, ya san ya taka da yawa. Amma da ya ce, "Ku yahe mini," sai a taso masa.

"Haba! Wace irin magana ta wagga? Kai da za ka tashi kahin sallah!"

Matarsa sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Abokansa sai su kawo zancen farashin taya. Innarmu kuwa, mahaifiyarmu, ita ce babbar mai gadi. Ta haifi tara ta binne huɗu, kuma ta yanke hukunci cewa wannan ba ya cikin lissafin. In ya soma, sai ta ce, "Rihe mini baki. Ni ka gabanka, ni za ka binnewa." Aka kewaye shi da kirki kamar yadda ake kewaye lambu da ƙaya.

Sai ya koma tasha. Ba ya iya doguwar tsayuwa, aka riƙa ajiye masa kujera a kan durom biyu da katako. Shafin farko da ya yi bayan dawowarmu, Ɗan Dako ya ɗaga tarago ya kai gwiwa, ya mayar ya ajiye, yana dafe da gefen ciki. Direban ya ji daɗi, ya ce an sa wa labarin gishiri. A na biyu singiletin jarumin ta yi masa yawa. A na uku yana zaune a benci a bakin asibiti, buhunsa a naɗe a cinya, yana riƙe da kati kamar kowa.

Ƙasa ta ɗauka. A kasuwar Shinkafi aka yi ta gardama a kan wanda ya yi masa sammu. Wata tsohuwa daga Banga ta ba direba ƙullin sassaƙe ta ce a kai wa Ɗan Dako, a dafa da jar kanwa. Yaya ya karɓa da hannu biyu, ya ce a gaya mata ya isa ga mai shi. 'Yan kamasho suka tare shi da tambaya.

"Mai fenti, wa ya yi mai wanga aiki? Hwaɗa muna, mu san wanda za mu zaga."

"Ba kowa."

"Kamar ya ba kowa? Ƙato haka shi kwanta ba hannun kowa?"

"Ubanka da ya kwanta, wa ya kayar da shi?"

Kowa a tashar nan yana ganin wuyan Yaya da wuyan Ɗan Dako suna ramewa tare. Babu wanda ya haɗa biyun da baki. Su dubi allo su ce kai, jarumin nan yana jin jiki. Su juyo su dube shi su ce, mai fenti, yau kam ka yi kyan gani.

Ni ma na gwada tawa dabarar ta masu karatu. Na ce masa a littattafan Turawan nan, na lura, jarumi yakan mutu a wannan wata, a yi kuka, wata mai zuwa ya dawo da sabuwar riga. Ana iya cewa wani boka ne a bayan dutse ya ba shi magani.

Ya ce, "Su can ba su gina kabari da zurhi."

Shafin ƙarshe ya fara zana shi da alli a bayan kwalin sukari. Ɗan Dako ne zaune a tabarma, ya jingina da bango, ƙasusuwan kafaɗarsa a waje. Buhun yana ninke a gefe. Ba kwance yake ba, ba kuma kuka yake ba. Ya zuba wa mai kallo ido, ya ɗaga hannu ɗaya kamar mai tsayar da mota. Maganar da Yaya yake so in rubuta ita ce: Mutuwa zan yi. Mai magana da ni ya zo yanzu.

Ya zagaya da kwalin nan rumfa rumfa, ina riƙe da shi ta hammata. Mutanen da suka yi shekaru suna roƙon a ba motarsu lamba, ranar kowa motarsa ba ta daɗe da shan fenti ba. A ƙarshe sarkin tasha ya kira mu gefe, dattijo mai kunya, ya ce:

"Mai fenti, ka san ba mu ƙin ka. Amma hanya hanya ta. Wa zai hau mota da mutuwa zaune bayanta? Taya ɗaya in ta hwashe, cewa za a yi allon ga na."

Waɗannan direbobin ne fa suke sa ni in rubuta musu tunatarwa a kan kabari da hisabi a goshin motocinsu, da manyan baƙaƙe masu inuwa. Mutuwa a rubuce ba ta dame su ba, tun da ta kowa ce. Wadda ke da fuska, fuskar kuma sun santa, ita ce ba su iya ɗauka.

A hanyar gida na ce masa, ko a sassauta maganar? A bar hoton yadda yake, a rubuta jiki da sauƙi, ku taya ni addu'a. Na ce da haka zan iya samo masa mota uku kafin la'asar.

Ya tsaya ya dafa katangar wani gida, ya jira numfashinsa ya dawo.

"Ticha, sau ɗaya ka yi mini tahinta na ƙyale ka. Kada ka ƙara."

Na tsaya kamar ɗalibin da aka kama da takarda a cikin hula. A bakin titin nan, kusa da mai sayar da rake, na faɗa masa abin da likita ya ce, kalma da kalma, har da zancen a ba shi abin da ransa yake so.

Ya ce, "To ka ji. Likita ma ya ce a ba ni mota." Ya ja hannuna muka ci gaba. "Ni ba da Allah nika hwaɗa ba. Shi ya aiko, na kuma amsa. Da ku nika yi, da kuka son ku binne ni da magana cikin baki."

Mako biyu kwalin yana jingine a zaure. Yaya ya daina fita. Ko kofi ya soma gagarar hannunsa, na kuma san ko an sami mota nan da wata guda, ba za a sami mai zanen ba.

Sai ga taubashinmu, ɗan kawunmu, ya dawo daga wajen Jangeru inda ya yi watanni yana jigila ta bakin iyaka. Ya girmi Yaya da kaɗan, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Yana da wata tsohuwar mota da yake dakon albasa da ita, wadda in ta taso daga nesa hanci ke fara sanarwa kafin kunne. Ya yi sallama ya leƙo zaure, ya ga Yaya a tabarma, ya dube shi sama da ƙasa.

"A'a! Ashe ba ka mutu ba? Ni da anka ce mini in yi sauri in samu gumbar sadaka!"

Matar Yaya, da ke kawo ruwa, ta saki kwanon. Yaya kuwa ya yi dariya har sai da na riƙe masa ciki. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin asibiti.

"Ɓarawon albasa," in ji shi, "jira nika yi ka zaka in gani ko ka koyi wanka."

Na nuna masa kwalin, na ba shi labarin tasha. Ya kalli hoton, ya sa na karanta masa maganar sau biyu. Ya kau da kai ya gyara hula, domin taubashi ba ya kuka a gaban taubashi.

"Su masu ɗaukar mutane su ji tsoro," ya ce. "Ni albasa nika ɗauka, albasa ba ta karatu. Amma ka gyara hancin ga. Naka ya hi haka muni."

Ran Litinin ya kwance marfin bayan motarsa, ya sa aka kawo shi zaure aka jingina. Yaya ya yi aikin a zaune, da safe kawai, kafin ciwon ya taso. Na dama masa fenti, na wanke burushi da kananzir. Da yatsunsa suka ƙi riƙewa, ya sa na ɗaure masa burushin a hannu da tsumma. Fuskar ta ci masa yini biyu. Na sha ganin ya zana Ɗan Dako cikin rabin sa'a yana hira yana cin goro, amma wannan sai ya ja layi ɗaya ya huta, ya ja wani ya rufe ido. Ran Laraba ya kai gwiwa, hannun ya tsaya. Ya dube ni.

"Ƙarasa ƙahwahun."

Na ce ban iya ba. Ya ce ai bai tambaye ni ko na iya ba. Na yi iyakar ƙoƙarina, suka fito kamar saiwar rogo biyu. Ya kalle su ya ce ba laifi, mutane za su ɗauka kumburi ne.

Duk kwanakin nan Inna, in za ta wuce ta zaure, sai ta ɗauki tabarma ta lulluɓe allon, shi kuma ya sa in yaye. Ba su yi magana a kai ba. Da na gama rubutun ran Laraba da hantsi, fentin bai bushe ba, ba ta iya rufewa. Ta tsaya a kaina. Ba ta karanta boko.

"Kai, mi ka rubuta nan?"

Na dubi Yaya. Bai taimake ni da komai ba, yana ta goge yatsunsa da tsumma. Na karanta mata yadda yake.

Ta gyara mayafinta, ta ce, "Wanga shi na karatun da anka kai ka ka yi?" Sannan ta juya ga Yaya. "Kai kuma za ka tallata kanka kasuwa kasuwa kamar gishiri? Mi mutane za su ce? Su ce mun gaji da kai?"

"Su ce abin da sunka ga dama, Inna. Ni dai su zaka su ce shi gabana."

Ta shige cikin gida. Ba ta hana ba, ba ta kuma yarda ba. Muka ɗauki wannan a matsayin iyakar abin da za a samu.

Ran Alhamis da sassafe taubashi ya ɗaura marfinsa ya nufi Shinkafi. Daga baya ya ba mu labari cewa bai ajiye motar a layin albasa ba. A bakin kasuwa ya gindaya ta, bayanta na kallon hanya, ya buɗe bonet ya ce ta lalace. Ta yini a lalace. Da aka tashi kasuwa ta warke, ya biyo ta Zurmi, can ma ta sake lalacewa.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka ji sallama. Sarkin tasha ne da direbobi huɗu. Suka zauna, aka gaisa. Wani ya buɗe baki zai ce fuska ta washe, sarkin tasha ya taka masa ƙafa. Sannan ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Mai fenti, mun ga saƙo. Ni dai na hana ka mota, kuma tsoro na ya sa. Ka yahe mini."

"Na yahe. Ni ma shekara goma ina kwaikwayon tahiyarka in ka ba da baya. Ka yahe."

"Ashe kai na! To na yahe."

Daga nan bakin kowa ya buɗe. Wani direba ya ce shi ne ya yi ta yaɗawa cewa Yaya yana surka fenti da kananzir. Yaya ya ce ya yafe, shi ma a yafe masa, domin yana surkawa. Wani ya ce tun ranar da aka zana wa motar abokin gabarsa shafin ambaliya, shi aka ba shi shafin da jarumi ke cin tuwo, yake riƙe da abin a ransa. Yaya ya ce da gangan ya yi, saboda motar tasa ba ta wuce saurin mai cin tuwo. Aka yi dariya, aka yi kuka, wani lokaci mutum ɗaya yana yin duka biyun.

Kwana huɗu ana zuwa. Wani manomi ya taso daga Badarawa a keke, wanda suka yi shekara bakwai ba sa magana da Yaya a kan wata kalma da aka faɗa a wurin ɗaurin aure. Dukansu biyu sun manta kalmar, suka yafe ta a haka. Dattijon Zurmi mai zancen tarbiyya ya aiko ɗansa da gaisuwa. Limamin unguwa, wanda bai taɓa son sana'ar zanen mutane ba kuma bai ɓoye ba, ya zo ya zauna ya yi masa addu'a irin wadda ake yi wa mai shirin tafiya, ba irin ta mai zazzaɓi ba. Matarsa ta daina tuna tukunya. Wata safiya na iso na tarar an sakaya ƙofar ɗaki suna magana ƙasa ƙasa, na koma zaure na jira. Abin da suka ce nasu ne.

Ni nawa ya zo a taƙaice. Na ce ya yafe mini asibiti. Ya ce ya yafe asibiti, ƙafafun rogo ne sai ya yi shawara.

Inna ce kaɗai ba ta zo ba. Tana dafa wa baƙi abinci, tana aiko da shi, in an ce mata ana ta zuwa sai ta ce ai dama ɗanta mai jama'a ne. Yaya ya daina tambayar kowa sai ita. In ya ji takun takalmi daga cikin gida sai ya gyara zama, in ya ga ba ita ba ce ya mayar da kai bango. Muryarsa ta fara shigewa ciki. Na ce ko in je in roƙe ta. Ya ce kada in kuskura, wanda aka roƙo ba shi ya zo ba.

Ran Talata da hantsi ta shigo da kwanon kunu. Ta ce kowa ya fita. Na fita, amma ban wuce bakin ƙofa ba, kuma ban nemi gafarar wannan ba har yau.

Ta zauna, ta daɗe tana juya kunun da ludayi.

"Kana shekara biyat," ta ce, "na yi sabon yaɓe, ka ɗauki gawayi ka cika mini bango da jakkai."

"Dawaki na, Inna."

"Jakkai na. Rihe baki, ni ka magana. Ka gudu daga makaranta, ubanka ya yi wata bai yi mini magana ba. Ka sayar da akuyata ka sayi gwangwanin fenti, ka ce kura ta ɗauke ta. Ka zana kawunka da kunnuwan zomo ran sallah." Ta yi ta jerowa, ba ta tsallake ko ɗaya ba, wasu ni ma ban taɓa ji ba. Sannan ta ce, "Dut na yahe maka, duniya da lahira. Nonon da ka sha halal na. Ban da allon ga. Shi ban yahe ba tukuna."

"Na karɓa haka nan," in ji shi. "Ni ma ki..."

"Ni mi na yi maka?"

"Kin hana ni magana wata huɗu."

Na ji ludayin ya tsaya.

"To," ta ce. "Ka yi ta yanzu. Ina jin ka."

Ya yi ta. Ban ji duka ba, domin a hankali yake yi, kuma ta matsa kusa har bayanta ya tare shi. Na ji sunayen 'ya'yansa, na ji zancen inda yake so a sa shi, kusa da mahaifinmu. Ba ta katse shi ko sau ɗaya ba. Da ya gama ta ce ta ji, za a yi. Sannan ta ɗebo kunu ta kai masa baki. Ya sha ludayi uku, wanda ya fi abin da ya ci a kwana biyu, ya ce tsamiya ta yi kaɗan. Ta ce tun da ta haife shi bai taɓa gode wa abinci ba, kuma ta ga alama ba yanzu zai fara ba.

Ya rasu ran Asabar ta sama, tsakanin azahar da la'asar, Inna na riƙe da kansa. A wurin zaman makoki wani baƙo da bai san komai ba ya ce ai shi bai ji labarin rashin lafiyar ba, abin ya zo ba zato. Inna ta aiko daga cikin gida a gaya masa cewa ɗanta ya yi shela a kasuwa biyu, wanda bai ji ba shi ya so.